Halin 'yata mai zamiyar ƙanƙara: himma ce ko in fara damuwa?

Maman Shahad (Jidda):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman wajen iyayen da 'ya'yansu ke wani wasa na gasa. 'Yata Shahad shekararta 12, tana wasan zamiya a kan ƙanƙara, irin wanda ake sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa ana tsalle ana juyi. Da wasa aka fara, yayyenta suka kai ta wurin shaƙatawa na Shallal can bakin teku lokacin hutu. Yanzu abu ya zama gaske, ta koma wani wurin tana da mai koyar da ita, har ta fara shiga ƙananan gasa.

Ba wasan ne ya dame ni ba, halinta ne. Yarinyar da a da sai an yi da gaske take tashi sallar asuba, yanzu ita ke tashin gida. Kafin makaranta sai ta yi miƙe-miƙenta a falo. Takalminta ba mai taɓawa, ko ni. In ta sauko daga ƙanƙara sai ta goge ƙarfen da tsumma ya bushe ƙarau, ta sa masa rigarsa, sannan ta kula mutum. Kullum ƙafar hagu take fara ɗaurewa, in igiyar ba ta yi mata ba ta kwance ta sake tun daga ƙasa. Tana da wani littafi da take rubuta duk tsallen da ta yi, wanda ta dira lafiya da wanda ta faɗi. In ta faɗi ba ta kuka, ba ta kallon kowa, miƙewa kawai take ta koma. Amma ranar da ta zo ta biyu a gasa, ba mai jin muryarta a gidan nan. Biki ba ta son zuwa, wai za a kai dare. Kwanan nan kuma ta fara ture shinkafa gefe tana cewa ta ƙoshi.

Babanta ya ce himma ce, in ƙyale ta. Kakarta ta ce an canza mata jika. Ni na rasa bayan wa zan bi.

Abu Fawwaz (Makka):
Wa alaikumus salam. Hajiya, yarinya ta tashi asuba da kanta, ta adana kayanta, ta rubuta kuskurenta don ta gyara, wannan ai sai godiya ga Allah. Mu nan lallaɓa namu muke su ajiye waya su yi wani abu mai amfani. Allah ya raya ta.

Goggo Hajara (Madina):
Ni kam ina bayan kakarta. 'Yar shekara 12 da za ta faɗi tim a kan ƙanƙara ba ta ce wash ba, ba ta son taron dangi, ina yarintar take? Yaro da ƙiriniya aka san shi. Ki sa ido 'yata, kada a ɗora mata kayan da ya fi ƙarfin wuyanta.

Idris Mai Wurno (Riyad):
Yaya, tun gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Sochi a 2014 nake bin wannan wasan a talabijin, kuma yawancin abin da kika lissafa ba halin Shahad ba ne ita kaɗai, halin sana'ar ne.

Ƙarfen nan da take gogewa faɗinsa kusan milimita 4 ne kawai, kuma ƙasansa ba shafaffe ba ne, yana da ɗan kwari a tsakiya da kaifi biyu, na ciki da na waje. A kan waɗannan kaifin take tsayawa, da su take juyawa, a kansu take dira. In ta bar shi da danshi ya yi tsatsa, ko ta taka tayil da shi ba riga ya dakushe, gobe ƙafarta za ta zame a wurin da ba ta zata ba. Igiya ma haka, in ta yi sako-sako idon sawu ne zai biya. Don haka duk wanda ya san abin ba ya ba wani takalminsa.

Rashin kuka kuwa koya musu ake yi. Babban wasa na manya minti 4 ne, kiɗa ba ya tsayawa don an faɗi. Kowace faɗuwa ana cire maki, in ka tsaya jinyar abin kuma sai tsalle na gaba ya wuce ka. Tun suna ƙanana ake saba musu su tashi kafin zafin ya iso.

Ki duba Yuzuru Hanyu na Japan, wanda ya ci zinaren Olamfik a 2014 da 2018. Ba ya hawa ƙanƙara sai ya sunkuya ya taɓa ta, in zai sauka ma haka, kuma kwalin tishunsa guda ne yake yawo da shi ko'ina. Mutum ne mai asma tun yana yaro. Girgizar ƙasa ta 2011 a filin horonsa na Sendai ta same shi yana ɗan shekara 16, da takalmin a ƙafa ya fito a guje. Filin ya lalace, ya riƙa bin wasu garuruwa yana neman inda zai taka ƙanƙara. Wanda zai yi tsallen da bai kai daƙiƙa ɗaya a sama ba, kuma aikin shekara guda ya rataya a kansa, dole ya nemi wasu abubuwa da ba sa canzawa ya riƙe. Ƙafar hagun Shahad ke nan.

Goggo Hajara (Madina):
To Idris, na ji na takalmi. In kamar gardi ne da allonsa, wanda ba ya yarda a tsallaka masa shi, wannan na fahimta. Shinkafar fa? Ita ma sana'ar ce?

Nas Zainab (Dammam):
Goggo ta rigaye ni. Maman Shahad, duk abin da kika rubuta layi ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi ne na abinci. Sauran za a iya jira a gani, wannan ba a jira.

Wasan nan ya yi ƙaurin suna wajen wannan matsalar, domin ƙaramin jiki ya fi saurin juyawa a sama, kuma yaran sun sani ko ba a gaya musu ba. Yulia Lipnitskaya ta Rasha ta ci zinare tare da tawagar ƙasarta a 2014 tana da shekara 15, duniya na ta yabo. A 2017, tana da 19, ta bar wasan bayan ta yi jinyar cutar ƙin cin abinci. Kuma ba yarinyar banza ke kamuwa ba, sau da yawa mai biyayya ce, mai tsari, wadda ba ta son a ga gazawarta. Wannan himmar da ake yaba mata ita take juyawa a kan cikinta.

Shekarunta ne jiki ke gina ƙashi. In abinci ya gaza aikin da take yi, al'ada kan yi jinkiri ko ta ɗauke, ƙashin ƙafa ya riƙa tsagewa a hankali, ga yawan jin sanyi da jiri. Tambayoyina: mai koyar da ita tana auna ta a sikeli? Wani ya taɓa yi mata maganar jikinta? Kuma me ya canza a watannin nan?

Maman Shahad (Jidda):
Nas, gabana ya faɗi. Malamar ba ta auna su, na tabbata, don ina zaune ake yin komai. Amma akwai abin da ya canza. Bana ta yi tsawo sosai, har takalmi muka sauya, kuma tsallen nan da suke kira aksel, wanda bara take dira shi ba wahala, yanzu ya ƙi. A littafin nata shafi bayan shafi duk alamar faɗuwa ce.

Salma (Jidda):
Anti, ni na yi wasan nan kafin in shiga jami'a, bari in gaya miki abin da ke cikin kanta.

Aksel shi kaɗai ne tsallen da ake tashi ana fuskantar gaba, a dira da baya, shi ya sa yake da ƙarin rabin juyi. Na ɗaya ma juyi ɗaya da rabi ne. Yarinya takan daɗe tana fama kafin ta same shi, ranar da ta same shi kuwa ji take ta zama 'yar wasa. Sai jiki ya miƙe, ƙugu ya buɗe, hannu da ƙafa su ƙara tsawo. Kan yana ba da umarnin da ya saba, jikin kuma ba wancan ba ne. Wallahi ba abin da ya kai wannan ciwo, abin da ka mallaka ya suɓuce ba ka san laifin da ka yi ba. A ɗakin canza kaya kuma sai ka ga 'yar shekara 9 tana dirawa cikin sauƙi. Ba sai wani ya ce maka komai ba, kai da kanka za ka ƙulla cewa nauyi ne, sai ka waiwayi faranti.

Abin da babu wanda ya gaya mana a lokacin shi ne tsallen yana dawowa. Jiki ya gama sauyawa, a ƙara ƙarfin cinya da ciki, a sake koyon lokacin tashi, sai ya dawo, wani lokaci ma ya fi na da tsayi. Amma da abinci yake dawowa, ba da yunwa ba. Wannan maganar daga bakin malamarta ya kamata ta fito, don a shekarun nan maganar koci ta fi ta uwa shiga, ki yi haƙuri da faɗin haka.

Kawu Sale (Makka, Shari' Mansur):
Jama'a ana ta maganar reshe an bar tushe. Ni tambayata, ina za a je da wannan abin? Muna ƙasar da zafi ke narka kwalta, an ɗauki 'yarmu an kai ta ƙanƙara. Kuɗin takalmi, kuɗin malama, kuɗin fili. Ga kiɗa, ga irin suturar da muke gani a talabijin. Da ƙwallo ce sai in ce ga su Usama Hawsawi nan, har kyaftin ɗin ƙasa ya yi a gasar duniya ta 2018, an ga inda hanya ta ɓulla. Wannan fa? Nan da shekara kaɗan ta zama budurwa, dole ta bari, an ɓata mata karatu an ɓata mata ciki. Ba don ƙi nake faɗa ba, 'yar ƙanwata ce a wurina.

Maman Shahad (Jidda):
Kawu, na gode da kulawa. Sutura dai dogon wando take sawa da riga mai dogon hannu, kanta a rufe. Karatu kuwa tun da ta fara ma ya ƙara kyau, don ta san in sakamako ya sauka babanta zai tsayar da komai.

Idris Mai Wurno (Riyad):
Kawu, game da sutura akwai wadda ta riga ta share hanya, kuma maƙwabciyarmu ce. Zahra Lari 'yar Abu Dabi ta fara tana kusan shekarun Shahad, mahaifinta ma da farko bai so ta shiga gasa ba. A 2012 ta yi wasa a Italiya da hijabinta, alƙalai suka cire mata maki saboda shi. Ba ta cire ba, ta bi maganar har wajen hukumar wasan ta duniya, ta ci gaba da gasa a rufe, har gasar hunturu ta nahiyar Asiya ta je a Sapporo a 2017. Nan gida ma a 2017 aka fara darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati, a 2022 kuma Fayik Abdi ya wakilci Saudiyya a Olamfik na hunturu. Ƙofar ba ta kai ta ƙwallo faɗi ba, amma ba bango ba ce.

Kawu Sale (Makka, Shari' Mansur):
Kiɗan fa? Ka tsallake shi.

Malam Hamisu (mai kula da zaure):
Kawu, maganar kiɗa ta malamai ce, kowane gida ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa. Kada mu buɗe ta a nan, an san inda take kai mu. Baiwar Allah halin 'yarta ta tambaya.

Abu Fawwaz (Makka):
Ni dai har yanzu ina kan bakata. A duba abinci, na yarda. Amma kada a sanyaya wa yarinya gwiwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ilia Malinin na Amurka, iyayensa biyu 'yan wasan ne da suka wakilci Uzbekistan, su suka horar da shi, yana da shekara 17 a 2022 ya dira aksel mai juyi huɗu da rabi, abin da ba wanda ya taɓa yi a gasa. Da lallashi aka kai nan? Fushin da Shahad take yi in ta zo ta biyu shi ne man da ke tafiyar da ita. Mu matsalarmu da yaro ya ɗan sha wuya sai mu ce a bari.

Nas Zainab (Dammam):
Abu Fawwaz, wanda ya kai muke gani a talabijin. Waɗanda aka tanƙwara suka karye mu muke ganinsu a asibiti, kuma ba kamara a wurin.

Idris Mai Wurno (Riyad):
Wani lokaci ma akwai kamarar. Kamila Valieva ta Rasha shekararta 15 a Olamfik na Beijin 2022, kowa ya sallama zinare nata ne. Ana tsakiyar gasa aka bayyana cewa an samu wani maganin zuciya da aka haramta wa 'yan wasa a gwajin da aka yi mata tun Disamba 2021. A wasan ƙarshe ta yi ta tuntuɓe da faɗuwa, ta zo ta huɗu, ta fito tana kuka, mai horar da ita ta tare ta da tuhuma maimakon lallashi, duniya na kallo. A Janairu 2024 aka dakatar da ita shekara 4. Yarinya ce, manya ne ke kewaye da ita, amma sunanta ne ya ɓaci. Ita kanta hukumar wasan a Yuni 2022 ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17, a hankali a hankali. In masu abin sun ce an yi gaggawa, mu ba ma fi su son nasara ba.

Salma (Jidda):
Kawu Abu Fawwaz, ga wata kuma. Alysa Liu ta zama zakarar Amurka a 2019 tana da shekara 13. A 2022, bayan ta je Olamfik ta kuma ci tagulla a gasar duniya, ta ce ta gaji, ta ajiye takalmi tana da 16. Ta shiga jami'a, ta yi yawo da ƙawaye, ta yi rayuwar da ba ta taɓa yi ba. A 2024 ta dawo don ranta ya so, ita ke zaɓen kiɗanta da kayanta, a 2025 ta ci gasar duniya a Boston. Jiki ɗaya, baiwa ɗaya, abin da ya bambanta shi ne wa ke so.

Don haka ni ba na tambayar ko Shahad na shan wuya, dole ta sha, wasan ne haka. Tambayata, in ta ce yau ba za ta je ba, me zai faru a gida? In amsar ita ce ba komai, kuma ta sani, to tashin asubar nan nata ne.

Maman Shahad (Jidda):
Ba a taɓa tilasta mata ba, Salma. Sai dai babanta kan ambaci kuɗin da ake kashewa a gabanta, ba da faɗa ba, cikin hira. Ita kuma ba ta manta magana.

Goggo Hajara (Madina):
To a daina. Yaro mai zurfin ciki in ya ji an ce an kashe kaza a kansa, bashi yake ɗauka ya ɗora wa kansa. Ku yi lissafinku a ɗaki. Sannan ina da tambaya, kada a ga na kawo wata magana: akwai wasu 'ya'yanmu a wurin, ko ita kaɗai ce mai irin fatarmu?

Maman Shahad (Jidda):
A rukuninsu ita kaɗai ce, Goggo. Ba wanda ya taɓa gaya mata maganar banza a gabana. Amma ta taɓa ce mini in wata ta faɗi an manta, in ita ta faɗi kowa ya gani.

Goggo Hajara (Madina):
Ka ji ko, Idris? Ba duka ne koyarwar malama ba. Akwai kukan da take haɗiyewa don kada a ce ga ta nan. Mu da muka girma a garuruwan nan mun san wannan haɗiyar, ba sai an fassara mana ba. Irin wannan yarinyar gida ne ya kamata ya zama inda za ta sauke. In ta dawo ta yi shiru kada a ce mata ai ta biyu ma nasara ce, ba ta son ji. A zauna kusa da ita kawai, a tsefe mata kai, maganar za ta fito da kanta.

Idris Mai Wurno (Riyad):
Gaskiyarki Goggo. Yaya, ki nemo mata bidiyon Surya Bonaly, baƙar fata 'yar Faransa. Sau 5 a jere tana cin gasar Turai, daga 1991 zuwa 1995, amma a gasar duniya sau 3 tana zuwa ta biyu. A 1994 a Japan takaici ya sa ta cire lambar azurfar daga wuyanta a kan mumbari tana kuka, aka yi mata ca. A Olamfik na Nagano 1998 kuma, da ciwo a ƙafa, ta san lamba ta wuce ta, sai ta yi alkafura ta baya ta dira da ƙafa ɗaya, alhali ta san haramun ce a dokar wasan za a cire mata maki. Sai a 2024 aka halatta alkafurar. Ba don Shahad ta koyi cire lamba ba, a'a, don ta ga wata mai kama da ita ta taɓa jin wannan zafin a gaban duniya, kuma har yau ana ambatonta da girma.

Nas Zainab (Dammam):
Kafin a watse, Maman Shahad: likitan yara, a cikin makon nan, a auna tsawo da nauyi a kwatanta da na baya, a duba jini. Kada ki ce mata don shinkafa ne, ki ce duba lafiyar 'yan wasa ne, kuma gaskiya ne. Kada a yi faɗa a kan faranti, kada a sa mata ido tana ci, a ci tare kawai. In azumi ya zo a mayar da horon bayan buɗa-baki. In kuma kika ga tana shiga banɗaki da zarar an gama cin abinci, ko tana ɓoye ciwon ƙafa, ki yi mini magana ta gefe ko da tsakar dare ne.

Kawu Sale (Makka, Shari' Mansur):
Ni ban sauka daga ra'ayina ba, ina ganin hanyar ba mai nisa ba ce. Amma ban taɓa ganin abin da idona ba sai a waya. In akwai ranar da za ta yi, ku gaya mini, daga Makka zuwa Jidda ba tafiya ba ce.

Maman Shahad (Jidda):
Allah ya saka wa kowa da alheri. Nas, na karɓi layin likita na ranar Lahadi. Salma, zan ga malamar ni kaɗai kafin horo na gaba, in kina da hali ki raka ni, kin fi ni sanin yadda za a faɗa mata. Maganar kuɗi kuma ni da babanta za mu yi ta yau da dare.

Kawu, akwai wata 'yar ƙaramar gasa bayan hutun makaranta, zan sanar da kai. Ka zo da rigar sanyi mai kauri da safa. Abu ɗaya kawai: ka zauna can sama, kada ka ɗaga mata hannu ko ka kira sunanta kafin a kira ta, ba ta son ganin ɗan gida sai ta gama. In ta sauko ta goge takalmi, ita da kanta za ta hau ta gaishe ka.